Hanta Ta Gaza, Takarda Ta Ce A'a: Wane Lauya Zan Ɗauka?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya sanyi? Ina rubuto miki daga Bronx a birnin New York. Maigidana shekarunsa 52, ya yi shekara 19 yana tuƙin tasi a nan. Shekara uku da suka wuce aka gano yana da ciwon hanta nau'in B, likitoci suka ce ya daɗe a jikinsa har hantar ta ƙandare, abin da suke kira sirosis. Wata 14 ke nan rabonsa da fita aiki. Sau uku ana kwantar da shi ana zuƙe masa ruwa daga ciki. Wani lokaci yakan rikice, ya yini yana barci, dare ya yi idonsa biyu. Ran nan lambar ƙofar gidanmu ta ɓace masa.

Mun nemi tallafin masu naƙasa daga hukumar Social Security, ni da babban ɗanmu muka cike takardun. Kwana 19 da suka wuce wasiƙa ta zo cewa ba a amince ba, wai zai iya yin aiki mara nauyi. Na kira wani kamfanin lauyoyi da nake gani a talabijin, yanzu kullum sai sun bugo in sa hannu ta waya. Wani ɗan'uwa kuma ya ce yana da mutumin da ya iya cike takardu, amma sai an ba shi dala 1,500 kafin ya fara. Ga kuma lauyan da ya yi mana takardun zama, mutumin kirki ne ƙwarai. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, albashina ne kaɗai ke riƙe da gidan. Anti, wa zan ɗauka, kuma nawa zai ci mana?

*Ƙanwarki a Bronx*

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ni ba lauya ba ce. Tafinta ce, shekaru masu yawa ina zama tsakanin mutanenmu da likitoci, wani lokaci kuma a gaban alƙalan da ke sauraron irin wannan ƙara. Sannan yayana, wanda nake bi, ya bi wannan hanyar da ciwon hanta, ni na riƙe masa takardu. Da abin da na gani zan ba ki amsa.

Kafin mu zo kan lauya, ɗauko wasiƙar nan ki duba kwanan watan da ke samanta. Kwana 60 kuke da shi na ɗaukaka ƙara. Hukumar, wadda ake taƙaita sunanta da SSA, tana ɗauka cewa wasiƙa ta iso hannunku kwana biyar bayan ranar da aka rubuta a kanta, daga nan ake fara ƙirge. Lokacin da kika rubuto kwana 19 sun tafi, yanzu sun fi haka. Kada ki jira sai kin sami lauyan da ya kwanta miki a rai. Takardar neman a sake duba hukunci, mai lamba SSA-561, ɗanku zai iya cike ta a intanet, ko ku kai ofis da hannu ku karɓi shaidar cewa an karɓa. Lauya zai shigo daga baya ya ɗora a kai. Kuma duk wanda ya ce muku ku watsar da wannan ku shigar da sabon nema daga farko, kada ku bi tasa, domin kuɗin watannin da suka wuce na iya salwanta ta haka.

Matakan huɗu ne. Na farko a sake duba takardun a ofis, na biyu zama a gaban alƙalin hukumar, na uku kwamitin ɗaukaka ƙara, na ƙarshe kotun tarayya. Waɗanda suka daɗe a New York za su ce miki kai tsaye ake zuwa wurin alƙali. A da haka ne, amma tun Janairun 2019 aka dawo da matakin sake dubawa a jihar. Kada ki karaya idan a nan ma suka ce a'a. Mutane da dama sai a gaban alƙali suke samu, kuma wannan zaman shi ne ainihin dalilin ɗaukar lauya.

Mutumin dala 1,500 ki bar shi inda yake. Doka ba ta yarda wakili ya ci kuɗin wakilci a wannan harka ba sai hukumar ta amince da adadin. Wanda zai tsaya muku sai sunansa ya shiga takardar naɗa wakili mai lamba SSA-1696. Wanda ya ce a ba shi a hannu, sunansa kuma ba zai fito a ko'ina ba, ranar da abu ya lalace ba ku da inda za ku kama shi. Lauyan takardun zama kuwa, kirkinsa na nan, amma kowa da fagensa. Ki roƙe shi ya haɗa ku da wanda aikinsa ke nan kullum, zai fi jin daɗin hakan a kan ya karɓi abin da bai saba ba.

Maganar kuɗi ita ce mafi sauƙi a duk lamarin. A tsarin da kusan kowa ke bi, ba ku biyan komai idan ba a yi nasara ba. Idan an yi, lauya yana samun kashi 25 cikin 100 na ariyas, wato kuɗin watannin baya da suka taru, amma akwai iyakar da ba zai wuce ba. Tun 30 ga Nuwamba 2024 iyakar ita ce dala 9,200. Kafin nan 7,200 ce, kuma akan ɗaga ta lokaci zuwa lokaci, saboda haka ki duba adadin da aka rubuta a yarjejeniyar. Misali, idan ariyas ya kai dala 20,000, lauya zai ɗauki 5,000. Idan ya kai 60,000, kashi ɗaya cikin huɗu 15,000 ne, amma 9,200 kawai zai samu. Hukumar ce ke cire masa kasonsa ta aika masa, ba ya taɓa kuɗin wata-wata da za su biyo baya. Abu biyu nake so ki karanta da idonki kafin maigida ya sa hannu. Ɗaya, ƙananan kuɗaɗen aiki, kamar na karɓo takardun asibiti ko na rahoton likita: wa zai biya, kuma ko za a nemi ku biya idan an faɗi. A jihar New York doka ta hana asibiti cajin kuɗi a kan takardun da ake nema don tallafin gwamnati, saboda haka bai kamata wannan ya yi yawa ba. Biyu, abin da yarjejeniyar ta ce idan ƙara ta wuce alƙali ta kai matakan sama, domin a can wasu sukan canja tsarin biyan.

To, tun da babban kamfanin talabijin da ƙaramin ofis na bayan layi duk farashinsu ɗaya, me ya rage da za ki zaɓa da shi? Wanda zai zauna ya karanta takardun asibitin maigidanki shafi bayan shafi, kuma ya fahimci abin da yake karantawa. A nan ake cin wannan ƙara, a nan ake faɗuwa.

Bari in ba ki labarin yayana. Shi ma wani babban kamfani muka ɗauka, saboda sun amsa waya da sauri kuma sun yi mana magana mai daɗi. Wata goma sha ɗaya muna tare da su, ban taɓa jin murya ɗaya sau biyu ba. Saura mako uku zaman alƙali hankalina ya ƙi kwanciya, na nemi a ba ni kwafin duk abin da aka shigar. Na kwana ina dubawa. Takardun likitan unguwarsu suna ciki, gwajin jini na ciki. Amma daren da ya yi aman jini aka ɗauke shi a motar asibiti zuwa wani asibiti daban, aka ƙara masa jini leda uku, aka ɗaure masa jijiyoyin maƙoshi, babu ko shafi ɗaya a kai. Mun faɗa musu tun ranar farko. An rubuta a wani wuri, ba wanda ya bi. Wannan daren kuwa shi kaɗai ya isa ya ci masa ƙarar. Muka sallame su, muka koma wurin wata lauya mai ofis ɗaki biyu. Tambayarta ta farko ita ce, "Asibiti nawa ya taɓa kwana?" Ta biyu, "An taɓa ƙara masa jini, leda nawa?" Ta nemi a ɗaga zaman, ta karɓo takardun, aka amince. Ya ci moriyar tallafin shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau ina tuna watannin da muka yi asara, lokacin da yake ƙirga kuɗin haya a kan gadon asibiti.

Ban ce duk babban kamfani haka yake ba. Akwai masu aiki tsakani da Allah a cikinsu, akwai kuma ƙananan ofisoshi masu sakaci. Abin da nake so shi ne ki iya gane wanda ya san hanta, kuma don ki gane sai ke ma kin san kaɗan.

Hukumar tana da kundin cututtuka da sharuɗɗansu. Ciwon hanta mai daɗewa yana ƙarƙashin lamba 5.05. Ki riƙe wannan lambar. Idan kika tambayi lauya, "Kana ganin maigidana ya shiga 5.05?" ya tsaya yana inda-inda, kin sami amsarki. Sunan cuta shi kaɗai ba ya wadatarwa. A rubuta "sirosis" sau ɗari ba zai sa a amince ba. Abin da ake nema shaidar ɗaya daga cikin manyan matsalolin da ke biyo bayan lalacewar hanta ne. Zubar jini daga jijiyoyin maƙoshi ko na tumbi, wanda ya kai ga kwanciya a asibiti da ƙarin jini aƙalla leda biyu, shi ne na yayana, kuma ana ɗaukar mutum a matsayin wanda ba zai iya aiki ba har shekara guda bayan ƙarin jinin. Akwai kamuwar ruwan ciki da ƙwayoyin cuta. Akwai gazawar ƙoda ko matsalar huhu da hanta ta jawo. Akwai kuma lissafin da ake yi da gwajin jini, ciki har da bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya idan shawara ta taso, da kiriyatinin na ƙoda, da INR, ma'aunin daskarewar jini. Idan makin lissafin ya kai 20 sau biyu, tsakaninsu aƙalla kwana 60 a cikin wata 12, an cika sharaɗi.

Biyu daga cikin sharuɗɗan sun shafi maigidanki kai tsaye, daga abin da kika rubuto. Na farko taruwar ruwa a ciki. Ana so a nuna shi a dubawa biyu, tsakaninsu aƙalla kwana 60, duka a cikin wata 12. Kin ce sau uku aka zuƙe masa ruwa. Yau ɗin nan ki nemo ranakun ukun ki rubuta. Idan biyu daga ciki sun yi nisan kwana 60 da juna a cikin shekara ɗaya, ina kyautata zaton takardun zuƙar ba su isa gaban wanda ya yanke hukuncin farko ba, ko ba su isa gaba ɗaya ba. A da wata shida ne tazarar da ake bayarwa. A Oktoban 2023 aka sabunta dokokin aka faɗaɗa zuwa wata 12. Lauyan da har yanzu yake faɗa miki wata shida bai buɗe kundin ba tun lokacin.

Na biyu shi ne rikicewar da kika ambata, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne abin da iyalanmu suka fi ɓoyewa. Idan hanta ta kasa tace jini, guba irin su amoniya sukan kai ga ƙwaƙwalwa. Barci ya juye, mantuwa ta zo, hali ya canja, hannu ya riƙa karkarwa idan an miƙe shi. Sau nawa na zauna a ɗakin likita, likita ya tambayi magidanci, "Kana rikicewa?" shi kuma ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi," matarsa na gefe ta sunkuyar da kai don kada ta kunyata shi. Ni tafinta ce, abin da aka faɗa shi nake juyawa. Likita ya rubuta cewa babu rikicewa. Bayan shekara guda alƙali ya karanta wannan layin. Godiya ga Allah wajibi ce, kuma ba ta hana a gaya wa likita gaskiyar abin da ke faruwa a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika ga ranar da lambar ƙofa ta ɓace masa. Idan ba ki faɗa an rubuta a takardar asibiti ba, a wurin hukumar kamar bai faru ba ne. Ki yi magana da maigida a keɓe, cikin ladabi, ki nemi izininsa ki riƙa faɗa a gaban likita. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da abin da ya faru: yau ya yi barci awa kaza da rana, yau ya sa riga a baibai bai lura ba, yau ya shiga bayi sau kaza. Lauyan kirki zai yi murna da littafin nan, zai kuma so ki ba da shaida a zaman. Wanda bai tambaye ki komai game da halin maigida a gida ba, bai san ciwon hanta ba.

Idan ma bai cika sharuɗɗan 5.05 daidai ba, hanya ba ta toshe ba. Sai a koma kan tambayar me ya rage zai iya yi, awa takwas a rana, kwana biyar a mako, ba tare da yankewa ba. A zaman alƙali akwai masanin sana'o'i da ake tambaya ko mai irin wannan hali zai sami aikin da zai riƙe. A nan ƙananan abubuwa ke zama manya. Maganin laktulos da ake bayarwa don rikicewa, aikinsa shi ne ya sa mutum ya yi bayan gida sau biyu ko uku a rana, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Magungunan rage ruwa irin su furosemid da sipironolakton suna sa yawan fitsari. Ga gajiya, ga kumburin ƙafa da ke sa a ɗaga ta sama, ga ranakun asibiti. Lauyan da ya san aikinsa zai mai da waɗannan su zama lissafi: minti nawa a rana zai bar bakin aiki, kwana nawa a wata ba zai zo ba. Sai ya tambayi masanin, wane mai aiki ne zai jure haka?

Shekarun maigida ma suna taimakonsa. Daga shekara 50 dokokin suna sassautawa. Wanda ke tsakanin 50 da 54, idan aka tabbatar aikin zaune kawai zai iya, ba zai iya komawa tsohon aikinsa ba, kuma ba shi da wata ƙwarewa da za ta bi shi zuwa aikin zaune, yawanci ana amincewa da shi. Wasiƙarku ta ce "aiki mara nauyi", kuma tazarar da ke tsakanin wannan da "aikin zaune" ita ce za a yi kokawa a kanta. Tun Yunin 2024 ayyukan shekara biyar na baya kawai ake dubawa, ba 15 kamar da ba, ga shi shi tuƙi kaɗai ya yi, mai rikicewa kuwa ba wanda zai ce ya koma kan sitiyari. Abu ɗaya da mutanenmu ke dogara da shi wanda ya daina aiki: rashin jin Turanci. Tun Afrilun 2020 aka cire shi daga abubuwan da ake la'akari da su. Wanda ya ce miki zai ci ƙara da wannan, labarinsa ya tsufa.

Ki tambayi lauyan yadda zai yi da likitan hanta. Wasiƙar layi biyu da ke cewa "wannan mutum ba zai iya aiki ba" ba ta da nauyi, domin hukumar tana ganin wannan hukuncin nata ne. Kuma a ƙararrakin da aka shigar daga 27 ga Maris 2017, ba a fifita maganar likitan mutum don kawai shi ke duba shi. Ana auna ko ya kawo hujja, da ko maganarsa ta dace da sauran takardun. Abin da ake so daga likita bayani ne dalla-dalla: minti nawa zai iya tsayawa, nauyin me zai iya ɗauka, sau nawa zai buƙaci kwanciya. Lauyan da ya saba yana da takardar tambayoyi da ya tsara don masu ciwon hanta, kuma yana da wanda ke bin ofishin likita har a cike ta. Ki ce ya nuna miki irinta.

Zai yi muku tambayar giya. Kada ranki ya ɓaci, kada na maigida ya ɓaci. Tun 1996 doka ta ce ba a ba da tallafi idan shaye-shaye ne ke riƙe da naƙasar, wato idan da mutum zai daina zai iya komawa aiki. Saboda haka duk inda aka ga sirosis sai an duba. Na sha ganin an yi kuskuren cika wani gurbi a takardar asibiti ga mutumin da bai taɓa kai ta bakinsa ba, kuskuren ya yi ta bin sa daga takarda zuwa takarda. Mai karanta shafi bayan shafi ne kawai zai kama wannan ya sa a gyara. Ga masu karatu da abin ya taɓa shafa a baya kuma, ku gaya wa lauyanku gaskiya. Idan hantar ta lalace yadda dainawa ba zai dawo da ita ba, dokar ba ta hana ku.

Akwai wata tambaya da nake so ku amsa wa kanku tun kafin ku je, saboda maigida direban tasi ne. Tallafin iri biyu ne. SSDI na wanda ya yi aiki ya biya haraji ne. Ga mai shekarunsa ana neman ya yi aikin da aka biya wa haraji kimanin shekara biyar cikin goman da suka gabaci lokacin da ciwon ya hana shi aiki. Da maki ake ƙirga wannan aikin: a 2025, samun dala 1,810 da aka bayyana shi ne maki ɗaya, maki huɗu ne iyaka a shekara. Direbobi da yawa masu zaman kansu ne, kuma abin da aka rubuta a takardar haraji bayan an cire kuɗin mai da gyara shi ake ƙirgawa. Ku buɗe asusunsa a shafin hukumar ku ga abin da aka rubuta masa shekara-shekara, ku buga ku tafi da shi. Ɗaya nau'in, SSI, na masu ƙaramin ƙarfi ne, ana duba albashinki, dukiyar ma'aurata kada ta wuce dala 3,000, kuma yana da sharuɗɗa masu tsauri ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba. Lauyan da bai tambayi matsayin zaman maigida da tarihin harajinsa a ganawar farko ba, ya tsallake tushe.

Ki ga mutum biyu ko uku kafin ki zaɓa, ganawar farko kyauta ce a wurin kusan kowa. Ƙungiyar NOSSCR ta wakilan masu irin wannan ƙara tana haɗa mutane da lauyoyi. A birninku akwai Legal Aid Society da Legal Services NYC masu taimakon marasa ƙarfi kyauta, sai dai layinsu na iya yin tsawo. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta sashen hanta a asibitinku ma ta san waɗanda marasa lafiyarta suka ji daɗinsu. Ni ta bakin irinta na sami lauyar yayana. Akwai kuma wakilan da ba lauyoyi ba ne waɗanda hukumar ta yi wa jarrabawa ta amince da su, wasunsu sun ƙware sosai, amma idan ƙara ta kai kotun tarayya sai lauya.

Idan kun zauna, ki tambaye shi wa zai tsaya da maigida ranar zaman, shi ne ko wani da ba ku taɓa gani ba, kuma yaushe za su zauna su shirya. Ki tambayi sunan wanda za ki riƙa kira. Ki tambaya ko ya saba da alƙalan ofishin da zai saurari ƙararku. Ki tambaye shi yaushe yake rufe tattara takardu, domin doka ta ce a shigar da shaida, ko a sanar da ita, aƙalla ranakun aiki biyar kafin zaman. Ki ce masa kuna son tafintan Hausa. Hukumar na bayarwa kyauta, kada a ɗora wa ɗanku juya maganar bayan gida da mantuwar mahaifinsa a gaban baƙi. Idan an sa maigida a layin dashen hanta, ko aka ga kansa a hantar, ko takardar tashi daga gida ta zo muku, ki faɗa nan take, akwai hanyar neman a gaggauta. Wanda ya yi miki alkawarin nasara tabbas kafin ya ga takarda ko ɗaya, ko ya matsa ki sa hannu a waya yau-yau, ki ce za ki yi shawara. Kuma maigida ne zai sa hannu, a ranar da hankalinsa ke garau, ke kina gefensa.

Kada ya yanke zuwa asibiti ko shan magani don an gaji ko don kuɗi, kowace ganawa da likita shaida ce. Idan hukumar ta tura shi wurin nata likitan, ya je. Ke ma, ƙanwata, idan ba a gwada ki ba, da ke da yaran ku je a gwada ku. Nau'in B yana da allurar rigakafi, kuma yakan zauna shekaru a jiki shiru.

Tambaya

Salam Anti. Ni an riga an amince da nawa, SSDI nake karɓa saboda hanta. Ina so in je gida in yi wata takwas wurin mahaifiyata. Katin zama na dindindin gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba. Za a ci gaba da biya na?

*Ɗanki a Greensboro*

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka maka da alheri a kan mahaifiya. Wata takwas ya yi yawa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, idan ya cika wata shida a jere a wajen Amurka, ana dakatar da SSDI ɗinsa, sai 'yan ƙasashen da aka keɓe, kuma ba a dawo da shi sai ya dawo ya zauna wata guda cur a ƙasar. Da SSI ne ma, kwana 30 a waje ya isa a tsayar. Ka je ofishin hukumar kafin ka sayi tikiti, ka faɗa musu ƙasarka da ranakun tafiya, su duba maka. Ka kuma tuntuɓi lauyan takardun zama, domin wuce wata shida a waje na iya jawo maka tambayoyi a kan katin kansa ranar dawowa. Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, yawanci ba ya biyan magani a ƙasar waje, kuma masu sirosis ana yi musu hoton hanta duk wata shida don kama kansa da wuri. Ka zauna da likitanka ku tsara tafiyar tsakanin hoto da hoto, ya rubuta maka maganin da zai kai ka ya dawo da kai. Idan nau'in B ne, kada ka kuskura maganin ya yanke maka a can ko na 'yan kwanaki, ciwon yakan taso da ƙarfi idan an tsayar da shi.